Bindiga, Sulke da Garkuwa: Abin da Dokar Amurka Ta Haramta wa Tsohon Mai Laifi

Da yammacin Lahadi, 13 ga Nuwamba 1994, aka sanar da 'yan sandan birnin San Faransisko cewa wani mutum ya ƙwace mota, yana ta ɓarin wuta a mahaɗar titunan Pine da Franklin. Wanda ya riga kowa isa wurin shi ne James Guelff, ɗan sanda mai shekara 10 a bakin aiki. Ya zaro ƙaramar bindigarsa mai cin harsashi 6, ya harba har ta ƙare, amma mutumin ko gezau. Yana cikin ɗura wasu harsasan aka same shi, daga bisani rai ya yi halinsa a asibiti. Maharin, mai suna Victor Boutwell, sanye yake da sulke ninki biyu da kwalkwali. Sai da 'yan sanda sama da 100 suka yi masa ƙawanya, aka daɗe ana musayar wuta, kafin a ga bayansa.

Ba a cika shekara 3 ba sai ga wanda ya fi wannan tayar da hankali. Ranar 28 ga Fabrairu 1997, 'yan fashi biyu, Larry Phillips da Emil Matasareanu, suka fito daga wani reshen Bank of America a unguwar North Hollywood ta birnin Los Anjalis, suka tarar 'yan sanda sun kewaye wurin. Maimakon su ranta a na kare, sai suka tsaya a fili suna harbi da manyan bindigogi masu sarrafa kansu, harsasan 'yan sanda na sauka a jikinsu amma ba sa huda sulken. Jiragen gidajen talabijin masu saukar ungulu na shawagi a sama, ƙasa duka tana kallo kai tsaye. Da abin ya ci tura, wasu 'yan sanda suka faɗa wani shagon sayar da makamai da ke kusa suka aro manyan bindigogi. Minti 44 aka kwashe, an harba harsashi kusan 2,000, 'yan fashin biyu suka mutu, 'yan sanda da fararen hula kimanin 20 suka jikkata.

A watan Oktoba na wannan shekarar kuma, wani dillalin ƙwaya da ya ɗaura sulke ya kashe Kyaftin Chris McCurley na rundunar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta gundumar Etowah a jihar Alabama. Ɗan'uwan Guelff, Lee, ya yi ta zarya tsakanin majalisu yana neman a yi doka. Sanata Dianne Feinstein ta Kalifoniya da Sanata Jeff Sessions na Alabama, mutane biyu da ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, suka haɗa hannu, kuma a watan Nuwamba 2002 Shugaba George W. Bush ya rattaba hannu kan dokar da ke ɗauke da sunayen mamatan biyu.

Abin da dokar ta ce gajere ne. Duk wanda kotu ta taɓa kamawa da babban laifi na tashin hankali, irin su kisa, fashi da makami ko raunata mutum, an haramta masa saye, mallaka ko riƙe sulken kariya daga harsashi. Wanda ya karya, ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3 ke jiransa. Ƙofa ɗaya aka bar masa: idan aikinsa na halal yana buƙatar sulke, kuma wanda ya ɗauke shi aiki ya rubuta masa takardar shaida tun kafin ya saya, to yana iya sawa, amma a bakin aikin kawai. Wanda laifinsa bai shafi tashin hankali ba, kamar mai zambar banki ko wanda ya ƙi biyan haraji, wannan doka ta tarayya ba ruwanta da shi.

Sulken da ake magana a kai ba zoben ƙarfe ba ne irin wanda mahaya ke fitowa da shi ranar hawan sallah. Asalinsa wani zare ne da wata masaniyar sinadarai, Stephanie Kwolek, ta gano a kamfanin DuPont a 1965, wanda aka sa wa suna Kevlar. Idan aka auna nauyi da nauyi, ya ninka ƙarfe ƙarfi sau 5. Ana saƙa shi, a jera saƙar ninki-ninki, a ɗinke cikin riga mai kama da falmaran. Harsashin ƙaramar bindiga na zuwa sai zaren ya cafke shi ya baje ƙarfinsa, mai rigar ya tashi da ƙurji ko karayar haƙarƙari, amma da ransa. Harsashin babbar bindiga kuwa ratsa wannan riga yake yi. Shi sai da faranti mai tauri na tangaran, ƙarfe ko wata roba ta musamman, wanda ake zurawa a aljihun gaba da na baya. Wannan bambanci na riga mai laushi da faranti mai tauri ya sha ba masu rubuta doka kunya, kamar yadda za a gani.

To amma kafin nan, a ajiye dokar sulke gefe ɗaya a dubi yayarta, dokar bindiga. Nan ne abin mamakin yake.

Tun 1938 Majalisar Dokokin Amurka ta hana masu laifin tashin hankali karɓar bindiga. A 1961 aka faɗaɗa hanin, sannan a 1968, shekarar da aka harbe Martin Luther King da Robert Kennedy, aka yi babbar Dokar Taƙaita Bindigogi wadda ake aiki da ita har yau. Ita ba ta tambayar ko ka taɓa ɗaga wa wani hannu. Abin da take dubawa kawai shi ne ko laifin da aka kama ka da shi yana cikin waɗanda hukuncinsu zai iya wuce shekara 1 a gidan yari. A lura: zai iya wucewa. Ko alƙali bai ɗaure ka ko na kwana ɗaya ba, muddin littafin doka ya ba shi ikon ɗaure ka fiye da shekara, ka shiga sahu, kuma hanin na har abada ne. An cire wasu laifukan kasuwanci kamar haɗa baki wajen tsaida farashi, da ƙananan laifukan jiha da hukuncinsu bai wuce shekara 2 ba. Sauran duk an yi musu kuɗin goro. Martha Stewart, attajirar nan mai koyar da girki da adon gida a talabijin, wadda aka kama a 2004 da laifin yi wa masu bincike ƙarya kan cinikin hannun jari, matsayinta ɗaya da ɗan fashi a gaban wannan doka. A da, hukuncin karya ta yakan kai shekara 10. A 2022 aka ɗaga shi zuwa 15.

Wato dai ƙasar da ta tsaya ta tantance wanda za ta hana rigar kariya, ba ta tsaya tantancewa ba wajen hana bindiga. Ana iya cewa hakan daidai ne, tunda bindiga kisa take yi, riga kuwa tsare rai take. Amma tsarin na haifar da shari'o'in da ko masu goyon bayansa kan sunkuyar da kai idan aka ambace su.

Bryan Range mutumin jihar Fensilbaniya ne. A 1995 yana aikin yankan ciyawa a gidajen mutane, yana da mata da 'ya'ya 3, abin da yake samu ba ya isa. Matarsa ta cike fom ɗin neman tallafin abinci na gwamnati, aka rage yawan kuɗin da yake samu, shi kuma ya sa hannu. Da asiri ya tonu ya amsa laifi. Ba a ɗaure shi ba: ɗaurin talala na shekara 3 aka yi masa, ya mayar da dala 2,458, ya biya 'yar tara. Sai dai a littafin dokar jihar, wannan laifi hukuncinsa na iya kaiwa shekara 5. A 1998 ya je sayen bindiga, na'urar tantancewa ta ƙi shi, ya ɗauka kuskure ne. Matarsa ta saya masa bindigar farautar barewa a matsayin kyauta, ya yi shekaru yana farauta da ita. Da ya sake gwada saye aka sake ƙin sa, sai ya bincika, ya gano cewa kowace fita farauta da ya yi babban laifin tarayya ce. Nan take ya sayar da bindigar, daga baya ya shigar da ƙara.

Kuma ba sai da bindiga ake kama mutum ba. Harsashi ɗaya ya isa. Dane Yirkovsky, a jihar Ayowa, yana gyaran shimfiɗar ɗaki a gidan da yake zaune, ya tsinci ƙaramin harsashi guda a ƙarƙashin tsohon kafet, ya jefa shi cikin wani akwati a ɗakinsa. 'Yan sanda suka zo bincike kan wata magana daban, suka gan shi. Da yake yana da tsofaffin laifuka 3, sai wata doka ta 1984 da aka yi don riƙaƙƙun masu laifi ta hau kansa, wadda ta ce mafi ƙarancin hukunci shekara 15 ne, alƙali ba shi da ikon ragewa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2001, duk da ta amince ya yi tsanani. Haka ta faru da Edward Young a jihar Tenesi, wanda ya taya wata maƙwabciyarsa kwashe kayan mijinta da ya rasu, ya tarar da harsasan bindigar farauta 7 a ciki, ya adana su a aljihun durowa don kada yara su yi wasa da su. Gaskiya ne kayan sata 'yan sanda suka zo nema gidansa, ba waliyyi ba ne. Amma shekara 15 ɗin da aka ba shi ta harsasan nan 7 ce, ba tare da bindiga ko ɗaya ba.

Akwai kuma maganar abin da ake nufi da riƙewa. Kotunan Amurka ba sa jiran su ga bindiga a hannunka. Idan ka san inda take, kuma kana da ikon kai hannu gare ta, to a wurinsu ka riƙe ta. Saboda haka matar da ke da bindigarta ta halal, idan mijinta ya dawo daga gidan yari, lauyoyi kan ba ta shawarar ta kulle ta a akwatin ƙarfe wanda shi bai san lambobinsa ba, ko ta fitar da ita daga gidan gaba ɗaya. Bindigar aboki a ƙarƙashin kujerar mota ta mayar da mutane da yawa kurkuku. Wanda kuwa ya mallaki bindigogi kafin a kama shi da laifi, Kotun Ƙoli ta yanke a 2015, a ƙarar wani tsohon jami'in tsaron iyaka mai suna Tony Henderson, cewa yana iya neman a miƙa su ga dillali ko wani mutum, in dai alƙali ya gamsu ba za su zagayo hannunsa ba.

Wata 'yar kafa da ke ba mutane dariya ita ce ta tsofaffin bindigogi. A ma'anar dokar tarayya, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da mafi yawan bindigogin toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, ba sa cikin lissafi. Tsohon fursuna na iya riƙe harba-ka-ruga tarayya ba ta ce masa uffan ba, amma jihohi da dama sun toshe wannan kafar da dokokinsu, kuma da yawa sun faɗa ramin saboda sun karanta dokar tarayya sun manta da ta jiha.

Ba mutane kaɗan abin ya shafa ba. Wani bincike da masana zamantakewa suka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa 2010, Amurkawa kusan miliyan 19 na da tabon babban laifi, kimanin kashi 8 cikin 100 na baligai, kuma a cikin maza baƙar fata kusan mutum 1 cikin 3. Kotunan tarayya na hukunta mutane kimanin 8,000 a shekara kan riƙe bindiga alhali an hana su, fiye da rabinsu baƙar fata. Masu gabatar da ƙara na son wannan tuhuma saboda sauƙinta: ba a buƙatar shaidar da zai ji tsoron zuwa kotu, takardar tsohon hukunci da bindigar kawai za a ajiye gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Kuma dole a faɗa, da yawan waɗanda ake kamawa ta wannan hanya mutane ne masu haɗari, waɗanda unguwanninsu kan samu sa'ida idan aka ɗauke su.

Dokar sulke, duk da ta fi tantancewa, ita ma tana da nata ƙullin. Wanda ya fi kowa buƙatar rigar kariya sau da yawa shi ne wanda ya fito daga ƙungiyar 'yan daba, tsofaffin abokan gaba na nemansa, tsofaffin abokai na ganinsa maci amana. Carl Patton, a jihar Kansas, irin wannan ne. Bayan ya gama zaman kaso a 2001 ya sayi riga don tsaron ransa, a lokacin kuwa babu dokar da ta hana. Shekara na zagayowa dokar ta fito. A 2003 'yan sandan Topeka suka je gidansa kan wata hayaniya, suka same shi sanye da rigar, babu makami. Ya ce tsoro ne ya sa shi sawa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2006 tsoron da ba na nan take ba bai zama hujja ba. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, Michael McConnell, bai ɓoye shakkarsa ba kan ko tarayya na da hurumin shiga maganar rigar da mutum ya sa a cikin garinsu, amma ya ce hannunsa a ɗaure yake da wani tsohon hukuncin Kotun Ƙoli na 1977, wanda ya ce muddin kayan sun taɓa tsallaka iyakar jiha, tarayya na da ta cewa. Rigar Patton a Kalifoniya aka ɗinka ta. A 2011 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron wata ƙara makamanciyar wannan daga birnin Siyatil, alƙalai biyu, Clarence Thomas da Antonin Scalia, suka rubuta rashin amincewarsu.

Jihohi kuma kowace da kiɗanta. Kalifoniya ta riga tarayya, ta yi tata dokar a 1998, amma a 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta, ta ce an bayyana sulke da ƙa'idojin gwaji masu sarƙaƙiya da talaka ba zai taɓa sanin ko rigarsa na ciki ba. Majalisar jihar ta gyara a 2010. Jihar Konetikat ta ce ba a sayar da sulke ta intanet ko ta gidan waya, sai mai saye da mai sayarwa sun haɗu ido da ido. Jihohi da yawa ba su hana kowa mallaka ba, amma suna ƙara wa mutum shekaru idan ya sa sulke ya je aikata laifi.

Niyok ce ta fi kowa nisa, kuma ita ce ta yi tuntuɓe mafi girma. Ranar 14 ga Mayu 2022 wani matashi farar fata ya shiga kantin Tops a birnin Buffalo ya kashe baƙar fata 10. Mai gadin kantin, Aaron Salter, tsohon ɗan sanda ne. Ya harbe maharin, harsashin ya tsaya a sulke, maharin ya juyo ya kashe shi. Cikin 'yan makonni Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu kan dokar da ta hana sayar da rigar kariya ga kowa, mai laifi da marar laifi, sai masu wasu sana'o'i kamar 'yan sanda da sojoji. Ba a jima ba aka gano cewa ma'anar da aka ɗauko daga tsohuwar doka riga mai laushi kawai ta kama. Faranti mai tauri irin wanda maharin ya ɗaura bai shiga ba. Sai da aka koma majalisa a watan Yuli aka gyara. Shi kuwa maharin, ba shi da tabon babban laifi ko ɗaya kafin ranar, don haka dokar tarayya ta 2002 ba za ta hana shi sayen komai ba.

Saura garkuwa, wadda ta faɗa tsakanin dokokin biyu. Ba bindiga ba ce, don haka dokar 1968 ba ta san da zamanta ba. Dokar sulke kuwa ta bayyana abin da ta hana a matsayin duk wani kayan rufe jiki da ake sayarwa don kariya daga harbin bindiga, ko shi kaɗai ake sawa ko haɗa shi ake da wani kaya ko tufa. Ba ta ambaci garkuwa da suna ba. Lauyan wanda ake tuhuma zai ce garkuwa riƙe ta ake, ba sa ta ake ba. Mai gabatar da ƙara zai ce an sayar da ita ne don ta rufe jiki daga harsashi, kuma abin da doka ta ce ke nan. Jimlar ƙarshe ta dokar game da haɗawa da wani kaya tana iya kama har faifan kariya da ake zurawa a jakar goyo ta 'yan makaranta. Shi ya sa mai tabon tashin hankali da ke da hankali ba ya mayar da kansa zakaran gwajin dafi. Wanda ke ƙarƙashin ɗaurin talala ma ba sai an je ga wannan muhawara ba, sharuɗɗan sakinsa kan isa a mayar da shi ciki.

Garkuwar ma iri biyu ce. Akwai ta kwantar da tarzoma, ta roba mai gani har hanji, wadda ke tare dutse da kwalba amma ba ta tare harsashi. Akwai kuma mai tare harsashi, baƙa mai nauyi da 'yar taga a sama, wadda wasunta sai an ɗora su a kan taya. A makarantar firamare ta Uvalde a jihar Tekzas, ranar 24 ga Mayu 2022, 'yan sanda sun yi minti 77 a baranda alhali mahari na cikin aji, kuma jiran garkuwa na cikin dalilan da suka bayar. Yara 19 da malamai 2 suka mutu. Daga baya jihar ta ware dala miliyan 50 don sayen garkuwoyi. Ta robar kuwa, abin da ke jawo mata doka shi ne inda aka kai ta da abin da aka yi da ita. Birnin Los Anjalis ya hana zuwa zanga-zanga da garkuwar ƙarfe, katako ko roba mai tauri tun 2017. Ranar 6 ga Janairu 2021, Dominic Pezzola ya ƙwaci garkuwar ɗan sanda ya fasa tagar ginin Majalisar Dokoki da ita, aka ɗaure shi shekara 10, kafin Shugaba Trump ya sassauta masa a Janairu 2025.

Duk wannan gini yanzu girgiza yake yi, saboda Gyara na Biyu na kundin tsarin mulki. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce riƙe bindiga haƙƙin ɗaiɗaikun mutane ne, amma ta ƙara da cewa hakan bai taɓa daɗaɗɗen hanin da aka yi wa masu manyan laifuka ba. A 2022 ta zo da sabon ma'auni: duk dokar bindiga sai gwamnati ta nuna tana da kama a tarihin ƙasar. Da wannan ma'auni Bryan Range ya yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara ta Filadelfiya a 2023, ya sake yi a Disamba 2024, alƙalan suka ce gwamnati ta kasa nuna cewa magabata sun taɓa ƙwace makamin mutum har abada kan irin laifinsa. Wasu kotunan ɗaukaka ƙara, kamar ta Sent Luwis da ta San Faransisko, sun ce a'a, dokar na nan daram a kan kowa. A tsakani, a Yuni 2024, Kotun Ƙoli da rinjayen 8 da 1 ta amince a karɓe bindigar wanda kotu ta tabbatar barazana ne ga wani, a ƙarar Zackey Rahimi. Sakamakon saɓanin kotunan ɗaukaka ƙara, mutum biyu masu laifi iri ɗaya na iya samun amsa daban, gwargwadon jihar da suke zaune.

Baƙi ma abin bai bar su ba. Dokar bindiga ta hana wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, da mafi yawan masu bizar wucin gadi, riƙe bindiga ko harsashi. Hamid Rehaif ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka kore shi daga jami'a a jihar Filorida, izinin zamansa ya faɗi, shi kuwa ya ci gaba da zuwa filin koyon harbi. Aka ɗaure shi wata 18. Ƙararsa ce ta sa Kotun Ƙoli ta ce a 2019 dole gwamnati ta tabbatar mutum ya san yana cikin rukunin da aka hana, hukuncin da ya amfani tsofaffin fursunoni fiye da ɗalibai.

Wasu ƙasashen sun zaɓi auna hanin da lokaci. A Birtaniya, dokar 1968 ta ce wanda aka ɗaure shekara 3 ko fiye ya rabu da bindiga har abada, wanda aka ɗaure daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 3 kuwa shekara 5 zai jira. Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda ta samo asali daga 1959, daga wani tushe ta taso: babu mai haƙƙin bindiga sai da lasisi, na shugaban ƙasa, na Sufeto Janar ko na kwamishinan 'yan sanda, gwargwadon irin bindigar, kuma ba a ba wanda aka kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Rigar sulke kuwa shigo da ita sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, in babu ita jami'an kwastan su ƙwace.

A Amurka hanyar dawo da haƙƙin ƙunci gare ta. Wanda laifinsa na jiha ne yana iya neman afuwar gwamna, ko a goge masa tabon, ko jihar ta mayar masa da haƙƙoƙinsa. Wanda nasa na tarayya ne, kafin 2025, sai afuwar shugaban ƙasa, irin wadda mawaƙi Lil Wayne ya samu a Janairu 2021 bayan an kama shi da ƙaramar bindiga mai ruwan zinare a jirginsa a Miyami. A takarda akwai wata hanyar: doka ta ba mutum damar rubuta wa gwamnati ya nuna ya shiryu. Amma tun 1992 majalisa ke sa sharaɗi a kasafin kuɗi cewa hukumar kula da bindigogi kada ta kashe ko sisi wajen duba irin waɗannan takardu, bayan an gano wasu da aka yafe wa sun koma ruwa. Fiye da shekara 30 ƙofar ta kasance a rubuce amma a garƙame.

A Maris 2025 Ministar Shari'a Pam Bondi ta karɓe aikin daga hannun hukumar ta dawo da shi ofishinta, inda sharaɗin kasafin bai kai ba. Cikin mutum 10 na farko da aka mayar wa haƙƙinsu har da ɗan wasan fim Mel Gibson, wanda ya rasa nasa a 2011 kan dukan budurwarsa. Jami'ar da ke kula da harkar afuwa a ma'aikatar, Elizabeth Oyer, ta ce an sallame ta ne bayan ta ƙi sa sunansa, ma'aikatar ta musanta. Sashen dokar da aka farfaɗo da shi bindiga da harsashi kawai ya ambata, bai ce komai kan sulke ba.